Ruwan Zafi a Bayan Ɗakin Zara'u

Rana ta yi ja a kan gonakin Kona, ana koro awaki cikin gari. A zamanin, kafin zuwan Nasara, tun da sauran haske ake rufe ƙofar kafi saboda mahara. Wanda ya makara a daji sai ya kwana da Allah.

A gidan Mamudu manomi, matarsa Habsatu tana gindin murhu tana tuƙa tuwo. Ɗiyarta Zara'u tana bisa tabarma ta miƙe ƙafafu, tana tsintar wake a faifai. Mijinta ne ya kawo ta daga Attantane goyon ciki, don haihuwar fari a ɗakin uwa ake yinta. Cikin ya sauko ƙwarai. Hayaƙi yana tashi a miƙe, ba iska.

Sai dutse ya faɗo tsakar gida, tim, kusa da turmi.

Habsatu ta ɗaga kai ta zagi yaran maƙwabta. Ba wanda ya amsa, ba ƙarar gudu a bayan danga. Ta koma kan tuƙinta. Na biyu ya faɗo, ya fasa ƙoƙon da ke gefen Zara'u. Habsatu ta tashi ta ɗauke shi, ta yar da sauri. Dutsen da zafi, kuma a jiƙe, kamar yanzu aka tsamo shi daga tafasasshen ruwa. Ƙasar Kona kuwa yashi ce. Mutum ya yini yana nema bai sami dutsen da zai jefi kare ba.

Zara'u ta ce, "Inna, wa ke nishi a bayan ɗaki?"

Habsatu ta kasa kunne. Ba ta ji kome ba sai kukan gyare. Ta ce, "Tashi ki shiga ciki. Mai ciki ba ta zama waje da almuru."

Zara'u ta dafa ƙasa ta tashi, ta shiga ɗaki. Daga wannan shigar ƙafarta ba ta sake taka tsakar gida ba sai da abin da zai faru ya faru.

Akwai wata tsohuwa a Kona, A'i ungozoma. Ita ta yanke cibiyar Mamudu, ita ta yanke ta Habsatu, ita ta yanke ta Zara'u. Duk mabiyiyar da aka binne a gidan nan hannunta ne ya binne. Amma shekarun baya Habsatu ta durƙusa da cikinta na ƙarshe, aka aika kiran A'i, ba ta zo da wuri ba. An ce an ga ta shigo gidan, an kuma rasa inda ta shige. Ko da ta iso ɗaki, yaro ya fito da cibiya naɗe a wuya, namiji, ya riga ya yi sanyi. Daga shi Habsatu ba ta sake haihuwa ba. A'i ba ta ba da hanzari ba, Habsatu ba ta tambaya ba. Gaisuwa ce dai ta mutu tsakaninsu.

Da aka kawo Zara'u, Mamudu ya ce a gaya wa A'i. Habsatu ta ce, "In ƙafarta ta taka zauren nan, ni zan fita ta inda ta shigo." Mamudu ya san maganar haihuwa ta mata ce, ya bar mata. Habsatu ta aika Maijirgi aka ɗauko wata ungozoma, Auta, mace mai ƙarfi da tsabta, wadda ake yabon hannunta. Ta zo ta tare a gidan tun kafin watan ya kama.

Auta ba ta zama haka nan. Ta duba itacen jego da mijin Zara'u ya tara, ta ce ya yi. Ta tambayi inda ake kafa murhun wanka, aka nuna mata can bakin zaure, inda A'i ta saba kafawa. Ta yi dariya ta ce, "Mai jego za ta ratsa tsakar gida da ɗanyen jiki, maza na wucewa? Wace irin dabara ce wannan?" Ta zagaya bayan ɗakin Zara'u, ta ga lungu mai rufin asiri, da wani tsohon kututturen tsamiya. Nan ta kafa murhu. Ta ɗora babbar tukunya don ta gwada ko tana yoyo, ruwa ya tafasa, ta sheƙar da shi a gindin kututturen. Habsatu tana tsaye. Ta san A'i ba ta taɓa bari a hura wuta a lungun nan ba, ko a zubar da ruwan zafi. Ta ɗauka taurin kan tsufa ne. Har daɗi ta ji da aka karya dokar.

Da yammacin ranar ne dutsen farko ya faɗo.

Daga nan gidan ya zama kurkuku. Kullum rana ta karkata sai duwatsu su fara, ba su sami kowa ba, amma kusa suke faɗuwa. Tukunyar jego ta tsage a kan murhunta. In an ɗebo ruwa daga rijiya da sanyinsa, kafin a kai wa Zara'u ya yi ɗumi. Nishin nan kuma kowa ya fara jinsa, nishin mace mai nauyi, daga bayan bango. Mamudu ya zagaya da sanda, bai ga kome ba sai toka da kututture.

Zara'u kuwa tana tafiya cikin ɗaki lafiya lau, amma da ta zo bakin ƙofa sai ƙafafunta su kafe kamar an dasa su. Ta yi kuka, ta yi addu'a, ba ta iya ɗaga su. Mamudu ya ce a mai da ita Attantane. Ya ɗaura wa jaki akumari, shi da Auta suka ɗauke ta cak. A bakin ƙofa nauyinta ya ninka har gwiwoyinsu suka kai ƙasa, ita kuma ta ƙwalla ƙara ta riƙe cikinta. Suka mai da ita bisa gado. Jakin ya tsinke igiya ya fita da gudu.

Maƙwabta suka daina shigowa ɗibar wuta. Mata a bakin rijiya in sun hango Habsatu sai su sunkuyar da kai kan gugarsu. Auta ta ɗaure kayanta, ta kwance, ta sake ɗaurewa. An ce an ga mahara a hanyar Maijirgi, ba ayarin da zai tashi. Ta ce wa Habsatu, "Yaya, na karɓi haihuwa iri-iri, ban taɓa ganin wannan ba. Ɗan yana motsi, amma uwar na ƙarewa."

Gaskiya ta faɗa. Zara'u ta rame, idanunta sun faɗa, ko kunu ba ya zama a cikinta. Habsatu takan tsaya a bakin ƙofa tana kallonta. Ƴar fari ce, tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa rungumarta gaban mutane ba. Sai dai ta ajiye ƙwarya ta ce, "A sha," ta juya da sauri kada a ga fuskarta.

Akwai wani malami Bafillace, Malam Abdussalamu, da ke zaune a rugarsu gabas da gari. Mamudu ya je ya ɗauko shi. Ya iso bayan la'asar, dogo, siriri, da gafakar Alƙur'ani a kafaɗa. Bai tambayi kome ba. Ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun ya juya shi a hannu, ya zagaya bayan ɗaki ya daɗe yana duban murhun. Sannan ya yi alwala, ya sa aka shimfiɗa masa buzu a bakin ƙofar Zara'u, ya zuba garin magani a kasko mai garwashi, ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Inuwar rumbu ta miƙe ta kai danga. Zara'u tana kwance kamar mai barci. Can sai ta tashi zaune, ta dafa ƙugu da hannu biyu, ta buɗe ido. Muryar da ta fito ba tata ba ce. Muryar babbar mace ce, mai kauri, tana haki.

"Malam, rage hayaƙin nan. Ba ka ga halin da nake ciki ba?"

Auta ta ja da baya har ta yi karo da turmi. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wace ce ke?"

"Matar gidan nan. Ina nan tun ana kiran wurin nan daji."

"Musulma ce ke?"

"Na riga kakanka jin kiran salla."

"To mi ya kai Musulma jikin baiwar Allah mai juna biyu? Ba ki tsoron ranar tsayuwa?"

Muryar ta yi wata dariya marar daɗi. "Tambayi uwarta. Sun kafa mini wuta a ƙofar ɗaki. Sun sheƙa mini tafasasshen ruwa a baya, ba bisimilla, ba wanda ya ce a kauce. Ni ma ciki gare ni, Malam. Rana ɗaya muka ɗauka da yarinyar nan, rana ɗaya za mu sauke. Ɗakina ya ƙi zaunuwa, na shiga inda na samu."

Malam ya ce, "Za a ɗauke murhun. Fita."

"Ba shi kaɗai ba ne. Sun hana ungozomata shigowa."

Habsatu ta ɗago kai.

Muryar ta ce, "A'i ke karɓar haihuwata, kamar yadda uwarta ta karɓi ta uwata. Ba ta da hanyar zuwa gare ni sai ta zauren nan. In ba ta shigo ba, yarinyar nan ba ta fita. In na mutu a kan gwiwa, tare za mu tahi."

Malam ya ɗaga karatu da ƙarfi. Zara'u ta murɗe, ta yi ƙara, jijiyoyin wuyanta suka tashi. Muryar ta ce cikin haki, "Ƙona ni, Malam, ƙona ni. Amma duba jikin da kake ƙonawa." Malam ya dubi cikin Zara'u yana ɗaurewa kamar dutse. Ya sassauta.

A nan Habsatu ta matso. Ba a san mace da sa baki in malami na aiki ba, amma ta matso har gwiwarta ta taɓa buzunsa. Ta ce, "Ranar da na durƙusa da ɗana, aka ga A'i ta shigo aka rasa ta. Wurinki take?"

Idanun Zara'u suka juyo kanta.

"Wurina take. Na riga ki kira."

"Naki ya rayu?"

"Ya rayu."

Habsatu ba ta yi kuka ba. Tsoron da ya cika ta ya koma wani abu mai tauri. Ta ce, "Allah gafarta Malam, gaya mata na yarda A'i ta shigo. Ni da ƙafata zan ɗauko ta. Amma ɗiyata ce farko. A'i ba ta ɗaga ƙafa daga ɗakin nan sai an ji kukan jariri an yanke cibiya."

Muryar ta ce, "Nawa a gicciye yake kwance. Ba ya jira."

"Nawa ma bai jira ba."

Malam ya dubi Habsatu, ya dubi Zara'u. Ya ce, "Kin ji. Wancan karon ke kika riga, wannan nata ne. Kuma in kin sauka, ki bar gidan nan ki koma daji. Mutum da aljan ba su haɗa bango. Rantse."

Ya ɗora gafaka a kan cinyar Zara'u. Hannun Zara'u ya daɗe a sama kafin ya sauka a kanta. Muryar ta yi ƙasa ƙwarai. "Na rantse da abin da ke cikin nan. Zan jira."

Zara'u ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale. Da ta farfaɗo, da muryarta ta ce, "Inna, yunwa nake ji."

Da safe Habsatu ta yafa zane ta tafi gidan A'i. Ta same ta a inuwa tana kaɗi, ta tsufa fiye da yadda ta bar ta. Habsatu ta durƙusa ta gaishe ta. A'i ta amsa ba ta daina murza mazari ba.

Habsatu ta ce, "Iya, na san inda kika tsaya ran nan."

"To."

"Mi ya hana ki gaya mini?"

"Da na gaya miki, da ya dawo?" A'i ta ajiye mazarin. "Jiki ɗaya Allah ya ba ni, ɗiyata. Na ce in gama can in rugo nan. Ban iso ba."

Habsatu ta gaya mata alkawarin da aka yi. A'i ta dubi hannuwanta. Ta ce, "Kin ɗaure ni da igiya mai kauri." Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko askarta da sandarta.

Aka rushe murhun bayan ɗaki, aka mai da shi bakin zaure. Auta da kanta ta kwashe tokar, tana bisimilla a kowane ɗiba. Duwatsu suka daina faɗuwa.

Naƙuda ta taso wata rana da hantsi. Faya ta fashe, Zara'u ta durƙusa, Auta ta riƙe ta ta baya, A'i ta zauna a gabanta. Uwa ba ta shiga ɗakin haihuwar ƴar fari, don haka Habsatu ta tsaya a bakin ƙofa, ta ba su baya, ta cika ƙofar da jikinta.

Tun kafin azahar nishin ya fara a bayan bango.

Haihuwar ta yi gardama. Rana ta raba, ta karkata. Zara'u tana cije leɓe don kada a ce ta yi raki. In ta yi shiru sai a ji ɗayar, ta bayan bango, nishinta ya fi tsawo, ya fi zurfi. Duk lokacin da ya taso sai kan A'i ya juya wajen bango, sannan ya juyo wajen ƙofa. Habsatu tana jin idon tsohuwar a bayanta. Ba ta gusa ba. Dutse ko ɗaya bai faɗo ba. Ba abin da ya fashe. Matar tana jira, kamar yadda ta rantse.

Bayan la'asar nishin ya fara rauni. Ya koma wani sauti siriri da Habsatu ta sani, don ita ma ta taɓa yinsa, a durƙushe ita kaɗai tana duban ƙofa. Ta ji hannunta ya saki dogarin ƙofar. Ta buɗe baki za ta ce, Iya, jeki, Auta ta isa.

Sai Auta ta ce, "Iya A'i, kai ya fito, amma duba wuyan!"

Zara'u ta ce, "Inna!"

Habsatu ta mai da hannunta kan ƙofa ta riƙe. Ba ta juya ba, amma ta ce da ƙarfi, "Ina nan, Zara'u. Ina nan." Shi ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinta.

A'i ta zura yatsunta, ta zare cibiyar daga wuyan ɗan kamar mai cire wa akuya igiya. Ya faɗo, namiji, shuɗi. Ta juya shi, ta busa masa, ta mare shi a tafin ƙafa. Ya yi tari, ya tsala kuka. Mabiyiya ta biyo. A'i ta ɗaure cibiya ta yanke, ta miƙa wa Auta, ba ta ko tsaya wanke hannu ba. Ta zo bakin ƙofa ta ce, "Ba ni hanya."

Habsatu ta kauce. Tsohuwar ta zagaya bayan ɗaki har tana mance sandarta. Habsatu ta tsaya kaɗan, sannan ta je bakin zaure ta ɗebi ruwan zafi a ƙwarya, ta surka, ta bi ta. A kusurwar ɗaki ta tsaya, ta ajiye ƙwaryar a hankali ta ce, "Bisimilla. Ga ruwa." Ba ta leƙa ba.

Rana tana faɗuwa. Daga nesa ana jin masu gadi suna jan ƙofar kafi. A cikin ɗaki jikanta yana ta kuka, mata sun fara leƙowa ta kan danga, wata ta rangaɗa guɗa. Habsatu ta jingina da bango ta kasa kunne wajen lungu, tana jiran wani kukan.

Ba ta ji shi ba.

Can A'i ta fito, ta tsuguna, ta wanke hannuwanta a ƙwaryar. Ta daɗe tana wankewa.

Habsatu ta ce, "Uwar fa?"

"Ta sauka. Tana da rai."

Habsatu ba ta tambayi labarin ɗan ba. Tsohuwar ta ce a ba ta fartanya. Ta haƙa rami a gefen ɗaki ta binne mabiyiyar jariri. Sannan ta koma gindin kututture ta haƙa wani, wanda ya fi zurfi.

Kashegari Zara'u ta taka bakin ƙofa da ƙafarta, ta ratsa tsakar gida zuwa murhun zaure, Auta ta yi mata wankan farko da ganyen tsamiya. Ana cikin haka, da tsakar rana, wata ƴar guguwa ta taso daga bayan ɗaki. Ba ta ɗaga ko kara ba. Ta bi gefen danga a hankali, kamar mai ɗanyen jiki, ta tsaya a gaban Habsatu kaɗan, ta fice ta zaure ta nufi daji. Mamudu ya yi hamdala. Daga ranar ba a sake jin kome a gidan ba.

Ran suna gida ya cika, aka yanka rago, aka raɗa wa yaro Ahmadu. Da yamma, mutane sun watse, Habsatu ta zuba kunun kanwa a ƙoƙo, irin wanda ake dama wa mai jego, ta zagaya lungu ita kaɗai. Ta san ba kowa a wurin. Ta ajiye ƙoƙon kusa da sabuwar ƙasar da A'i ta tona, ta durƙusa, ta faɗi abin da mata suka faɗa mata shekarun baya, wanda a lokacin ta kasa amsawa.

"Sannu, ƴar'uwa. Allah ya sa mai ceto ne."